Otal mai tattalin ruwa da wuta, yaya yake tattalin ma'aikatansa?

Tambaya: Ni manajan wani otal ne mai ɗakuna kusan tamanin. Shekara biyu ke nan muna neman takardar shaidar yawon buɗe ido mai ɗorewa. Mun rage ɓarnar ruwa, mun sa fitilu marasa cin wuta, mun daina amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Amma ma'aikata sai barin mu suke yi, musamman masu gyaran ɗaki da 'yan kicin, kuma kusan duk wanda zai tafi cewa yake yi aikin ya raba shi da gidansa. Shin wannan yana da alaƙa da ɗorewar da muke nema, ko matsala ce dabam? Kuma me mutum zai iya yi a sana'ar da ba a rufe ƙofarta dare da rana?

Amsa: Malam, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo abin da na daɗe ina gani tun ina aiki a ofishin kula da ma'aikatan otal har zuwa yanzu da nake ba masu masaukai shawara. Matsalar ɗaya ce, kuma ina jin za ka ga haka da kanka idan muka duba ma'anar kalmar da kake nema a rubuta maka a takarda.

A shekarar 2005 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya tare da hukumar muhalli ta Majalisar suka fitar da ma'anar da har yau ake aiki da ita. A taƙaice, yawon buɗe ido mai ɗorewa shi ne wanda yake lissafa tasirinsa ga tattalin arziki da zamantakewa da muhalli, na yau da na gobe, yana kuma biyan buƙatun baƙi da masu sana'ar da muhallin da al'ummar da ke karɓar baƙin. Ƙafa uku ke nan, kamar murhu, kuma kai ka gyara ɗaya ce sosai. Haka kuma a cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da aka amince da su a 2015, ɗaya daga cikin ƙudurorin da suka ambaci yawon buɗe ido ƙarara, wato na 8.9, an sa shi ne ƙarƙashin muradi na takwas, wanda ke magana kan aiki mai mutunci. Ma'aunan GSTC, wato majalisar duniya mai tsara ƙa'idojin yawon buɗe ido mai ɗorewa, waɗanda masu ba da takardun shaida da yawa suke gina nasu a kai, suna da sashe musamman kan haƙƙin ma'aikata, da lafiyar wurin aiki, da albashin da zai riƙe mutum, da damar horo da ƙarin girma. Saboda haka mai binciken da ya san aikinsa ba zai tsaya a mitar ruwa ba, zai nemi ganin jadawalin aiki, zai kuma keɓe da masu gyaran ɗaki ya ji ta bakinsu.

Dalilin da ya sa otal-otal suka fi rungumar ɓangaren muhalli ba ɓoyayye ba ne. Rage ruwa da wuta yana rage kuɗin da ake kashewa tun daga watan farko, kuma abu ne da ake iya rubutawa a ɗan kati a ajiye wa baƙo a banɗaki. Gyara lokacin ma'aikata kuwa da farko kuɗi yake ci, amfaninsa sai daga baya yake fitowa, kuma baƙo ba ya ganinsa. Ban faɗi haka don in rage darajar abin da kuka yi ba, aiki ne mai kyau. Sai dai ma'aikaciyar da ke gyara ɗakunanka ita ce al'ummar da waccan ma'ana take magana a kai, tunda a unguwannin da ke kewaye da kai take zaune, 'ya'yanta suna makarantun wurin. Idan otal ɗin ya cinye ƙarfinta cikin shekara uku ya sallame ta da ciwon baya, ya yi wa garin irin ɓarnar da yake yi idan ya ƙafar da rijiyarsa.

Bari in fara da abin da na fi so ka riƙe. A wannan sana'a yawan sa'o'i matsala ce, amma rashin sanin lokaci ya fi ta cin rai. Mutum yana iya tsara rayuwarsa a kan aiki mai nauyi idan ya san yaushe zai shiga, yaushe zai fita, wace rana ce tasa. Abin da ba ya tsaruwa shi ne jadawalin da ake liƙawa a bango ranar Asabar da dare don makon da zai fara Litinin, sannan a canza shi ta waya ranar Laraba. Rahoton hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya nuna kashi 54 cikin ɗari na masu aiki a wannan fanni mata ne, kuma a yawancin gidaje renon yara da jinyar tsofaffi a wuyansu suke. Matar da ba ta san dutinta na jibi ba, ba za ta iya yi wa mai riƙe mata yaro alkawari ba, ba za ta iya karɓar ranar ganin likita ba, ba za ta iya shiga ajin ƙaro ilimi na yamma ba. Tana da ranar hutu a takarda, amma ranar ba ta da amfani, domin ba ta san da ita ba sai da ta zo.

Wannan ba sabon ganewa ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya ta musamman kan otal-otal da gidajen abinci a 1991, mai lamba 172, kuma cikin abubuwan da ta ambata akwai sanar da ma'aikaci jadawalinsa da wuri gwargwadon iko, domin ya iya tsara al'amuran kansa da na iyalinsa. Ta kuma ce dole a biya shi albashi tsayayye a kan kari, ba tare da la'akari da tukwicin da baƙi ke ba shi ba. Shawarar da ta biyo bayanta, mai lamba 179, ta ƙara da cewa a nemi hutun mako na aƙalla sa'o'i 36 ba katsewa, da hutun yini na kimanin sa'o'i 10 a jere, a kuma riƙa rage tsarin raba duti gida biyu har a daina shi. Ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ba su kai ashirin ba, wanda hakan ya nuna yadda aka bar ma'aikatan wannan fanni a baya. Duk da haka tana da amfani gare ka a matsayin ma'auni, ko dokar ƙasarka ta tilasta maka ko ba ta tilasta ba. Wasu wurare sun mai da irin wannan doka. Jihar Oregon ta Amurka ta kafa doka a 2017 da ta shafi manyan kamfanonin otal da abinci da shaguna, kuma daga 2020 dole su ba ma'aikaci jadawalinsa kwana 14 kafin lokaci, su ƙara masa kuɗi idan suka canza daga baya, su kuma bar masa sa'o'i 10 tsakanin duti da duti. A Tarayyar Turai, dokar lokacin aiki ta 2003 ta tanadi hutun sa'o'i 11 a jere kowace rana, da matsakaicin aikin mako da bai wuce sa'o'i 48 ba har da ƙarin lokaci, da hutun shekara na mako huɗu da biya.

Na san abin da za ka ce, domin kowane manaja yana faɗa mini shi: ba mu san yawan baƙin da za su zo ba. Gaskiya ce rabi. Ɗauko littafin kama ɗakuna na shekara biyu da suka wuce ka duba, za ka tarar mafi yawan makonni suna kama da takwarorinsu na bara, kuma manyan taruka da ƙungiyoyin matafiya tun da watanni suke kama wuri. Abin da ba a sani ba ɗan ƙalilan ne, kuma bai kamata a jingina rayuwar mutum sittin a kansa ba. Hanyar da na ga ta yi aiki ita ce a fitar da tsayayyen jadawali na mako biyu ko uku gaba, wanda ya ɗauki aikin da aka tabbatar, sannan ragowar a buɗe shi ga masu son ƙarin duti, su rubuta sunansu da kansu, a biya su ƙari. Kullum akwai masu son ƙarin kuɗi a wannan wata, akwai kuma masu son lokaci. Idan ka bar su suka zaɓa, ka kuma ba su damar musayar duti tsakaninsu da sanin shugaban sashe, rabin rigimar ta mutu.

Sai kuma lissafin da mutane da yawa ba sa son yi. Teburin karɓar baƙi ba ya zama babu kowa, wato sa'o'i 24 sau 7, sa'o'i 168 ke nan a mako. Idan kowane ma'aikaci yana yin sa'o'i 40, kujera ɗaya tana buƙatar mutum huɗu da ɗan ɗoriya, kafin ma a sa hutun shekara da rashin lafiya da ranakun horo. Idan aka sa su, mutum biyar ne. Na sha shiga otal na tarar mutum uku ke riƙe da wannan kujera. Raba 168 gida uku, sa'o'i 56 ke nan kowannensu, kuma ranar da ɗaya ya kwanta ciwo sauran biyun su ne za su raba dare da rana. A irin wannan wuri duk wata magana ta walwalar ma'aikata banza ce, domin lissafin kansa bai fita ba. Yi wannan lissafi ga kowace kujera da ba ta rufuwa: karɓar baƙi, tsaro, gyaran wuta da famfo, kicin. Idan adadin mutanen bai kai ba, to ko dai ka ƙara mutane ko ka rage abin da kake yi wa baƙi alkawari, misali ka tsayar da kai abinci ɗaki bayan wani lokaci na dare. Babu hanya ta uku da ba a jikin ma'aikata take bi ba.

Adadin 56 da na ambata yana da nauyi ta fuskar lafiya. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin da ya nuna cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum kimanin 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Idan aka kwatanta da mai aikin sa'o'i 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar jiki yana ƙaruwa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Aikin dare ma yana da nasa. A 2019 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tabbatar da shi cikin rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa ciwon daji. Ba za ka iya soke dutin dare ba, amma kana iya rage cutarsa. Kada mutum ya yi darare da yawa a jere, a ba shi cikakken hutu bayansu, kuma idan ana juya duti a juya shi gaba, daga safe zuwa yamma zuwa dare, domin jinkirta barci ya fi wa jiki sauƙi a kan gaggauta shi. Wanda ya tashi daga dutin dare kuma, kada a ƙirga masa ranar da ya wuni yana ramuwar barci a matsayin ranar hutunsa.

Akwai tsari biyu da nake roƙon ka duba a jadawalinka tun yau. Na farko shi ne mutum ya rufe da dare ya kuma buɗe da safe. Na taɓa zama da wani matashi mai kai abinci, a wani otal da na yi aiki, muka bi ranarsa sa'a bayan sa'a. Baƙo na ƙarshe ya tashi daga tebur wajen sha ɗaya da rabi, kafin a kwashe kwanuka a goge tebura a ƙirga kuɗi sha biyu ta wuce, motar haya ta yi wuya a wannan lokaci, sai ƙarfe ɗaya ya isa gida. Ƙarfe shida kuma ana jiransa ya shirya teburan karin kumallo, wato ya tashi huɗu da rabi. Sau biyu a mako yake yin haka. Shugaban sashensa ya rubuta masa takardar gargaɗi saboda ya fasa kofuna ya kuma ɗaure wa baƙo fuska, alhali jadawalin da shugaban ya rubuta da hannunsa ne ya jawo. Na biyu shi ne raba duti gida biyu, a zo bakwai zuwa sha ɗaya na safe, a dawo shida zuwa goma na dare. Sa'o'i takwas ake biya, amma sa'o'i goma sha biyar na yinin mutum aka kama, kuma wanda gidansa ke da nisa a bayan kicin zai zauna ya jira, tunda kuɗin motar zuwa da dawowa sau biyu ya fi ƙarfinsa. Inda ba za a iya soke wannan tsari nan take ba, a taƙaita shi zuwa kwana ɗaya ko biyu a mako, a biya alawus a kai, a kuma samar da ɗakin hutu na gaske mai wurin kishingiɗa.

Yanzu ga masu gyaran ɗaki, waɗanda ka ce sun fi tafiya, kuma nan ne nake so in ɗan daɗe. Aikinsu ba a auna shi da agogo, da yawan ɗakuna ake aunawa, kuma a nan zaluncin yake ɓuya ko da ba a yi niyya ba. A ce an ba mace ɗakuna goma sha biyar, kowanne minti talatin. Sa'o'i bakwai da rabi ke nan cikin takwas, ba a sa lokacin loda amalanken kaya ba, ba a sa jiran lif ba, ba a sa baƙon da ya ƙi fita sai azahar ba, ba a sa cin abinci ba. Kuma ɗaki ba ɗaya yake da ɗaki ba. Wanda baƙo ke ci gaba da zama a ciki gyara kaɗan yake so, wanda aka fita daga cikinsa kuwa sai an tuɓe gado gaba ɗaya, an wanke banɗaki tas, an duba kowane lungu. Ina ba kowane manaja shawara ya bi mai gyaran ɗaki yini guda, ya yi aikin da hannunsa. Ka ɗaga kusurwar katifa mai kauri da hannu ɗaya ka tura zanen gado da ɗayan, kusurwa huɗu, ka sunkuya ka goge bahon wanka, ka miƙe ka goge madubi, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin gado, sannan ka maimaita sau goma sha biyar. Kafin la'asar za ka gane dalilin da ya sa da yawansu ke ɗauke da maganin ciwon jiki a aljihun riga, kuma idan sun koma gida babu sauran ƙarfin da za su ɗauki nasu yaron.

A Sifaniya, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi karɓar 'yan yawon buɗe ido a duniya, masu gyaran ɗaki sun haɗa kai ƙarƙashin sunan Las Kellys, suka zama ƙungiya a 2016, suna kuka da yawan ɗakuna da ciwon gaɓoɓi da kuma miƙa aikinsu ga 'yan kwangila masu biyan ƙasa da abin da otal ke biya. Muryarsu ta yi tasiri. A 2022 tsibiran Baleyar na Sifaniya, inda Mayorka da Ibiza suke, sun kafa dokar yawon buɗe ido wadda ta haɗa batun muhalli da na ma'aikata wuri guda, har ta wajabta wa otal-otal sauya gadaje sannu a hankali zuwa masu ɗagawa sama, domin mai gyara ta daina sunkuyo. Wannan misali yana burge ni saboda gado ne kawai, ƙarfe da katako, amma an gane cewa tsayinsa magana ce ta ɗorewa kamar yadda famfon wanka yake.

A nan kuma akwai tarkon da ya shafe ka kai tsaye. Otal-otal da yawa suna roƙon baƙo ya yafe gyaran ɗaki na kwana biyu ko uku don a yi tattalin ruwa da sabulu. Niyyar tana da kyau, amma ka duba abin da ke biyo baya. Ɗakin da ya kwana uku ba a taɓa shi ba ya tara shara da danshi da datti, yana cin lokaci da sinadarin wanki fiye da wanda ake gyarawa kullum, amma a takardar rabon aiki ɗaki ɗaya ake ƙirga shi. Sannan idan baƙi da yawa suka yafe, sai a kira wasu ma'aikata da asuba a ce kada su zo, su rasa kuɗin yinin. Wannan na cikin koke-koken da dubban ma'aikatan otal suka shiga yajin aiki a kansu a biranen Amurka da dama a 2018. Idan kuna da irin wannan shiri, ka mai da rabon aiki zuwa maki maimakon ɗakuna: ɗakin da ake ciki maki kaza, wanda aka fita maki kaza, wanda ya kwana uku ba gyara maki mafi yawa. Kada kai kaɗai ka yanke makin a ofis, ku auna da agogo tare da su na tsawon mako biyu. Kuɗin da aka samu daga tattalin ruwa da wuta kuma, a ware wani kaso a mayar da shi ga sashen, ko ta ƙarin hannu a ranakun da baƙi suka fi fita, ko ta kayan aiki masu sauƙi irin su dogayen sandunan goge-goge da zannuwan gado masu roba a gefe.

Kan 'yan kicin ba zan tsawaita ba, domin ciwonsu sananne ne: tsayuwa mai tsawo, zafi, da al'adar cewa kuku na gaske ba ya duba agogo. Abu biyu ke taimakawa. Rage yawan kalolin abinci a takardar zaɓi yana rage shirin safe, yana kuma rage abincin da ake zubarwa, wato ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sannan a rubuta lokacin shiga da fita na gaskiya. A watan Mayun 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dole masu ɗaukar ma'aikata su kafa tsarin rubuta lokacin aikin kowace rana, bisa hujjar cewa haƙƙin hutu ba ya tabbata idan ba a auna aiki ba. Sa'o'in da ba a rubuta ba su ne ake ci, kuma a kicin sun fi yawa.

Waya ma ta zama duti na uku. Rukunin WhatsApp na ma'aikata yana da amfani, amma idan saƙon canjin aiki yana shigowa ƙarfe goma na dare a ranar hutun mutum, hutun ya tashi. Faransa ta ba ma'aikata haƙƙin kashe waya bayan aiki tun daga Janairun 2017. Kai ba ka buƙatar doka, ka tsayar da ƙa'ida cewa ba a kiran wanda ke hutu sai an gama da jerin masu jiran ko-ta-kwana, kuma wanda ya ce ba zai iya zuwa ba kada ya ga sakamakon haka a jadawalin mako mai zuwa.

To ina kuɗin zai fito? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan ce maka gyaran kyauta ne ba. Amma ka riga kana biya ta wata ƙofa da ba ka rubutawa. Duk ma'aikacin da ya tafi, akwai kuɗin neman wani, da ɗinkin kayan aiki, da makonnin da sabo ke koyo yana rabin aiki, da tsohon da ya bar nasa yana koya masa, da ƙarin lokacin da ake biya kafin a cike gurbin, da ƙorafin baƙi a intanet. Ka lissafa wannan na shekara guda ka ajiye shi kusa da albashin ƙarin mutum biyu ko uku, sannan ka kai wa masu otal ɗin. Kuma fannin gaba ɗaya ya ɗanɗani wannan darasi. A 2020, lokacin annobar korona, zirga-zirgar matafiya tsakanin ƙasashe ta faɗi da fiye da kashi 70 cikin ɗari, majalisar WTTC ta manyan kamfanonin tafiye-tafiye da yawon buɗe ido na duniya kuma ta ƙiyasta cewa guraben aiki miliyan 62 suka salwanta. Da baƙi suka dawo, ma'aikata da yawa ba su dawo ba, domin sun sami aikin da ke barinsu su ci abincin dare da iyalinsu, har otal-otal a Turai da Amurka suka riƙa rufe wasu ɗakuna da rage ranakun gidajen abinci saboda rashin hannu.

Akwai kuma abin da ya shafi takardar da kake nema kai tsaye. Duk shirye-shiryenku na muhalli a hannun ma'aikata suke tafiya. Mai gyaran ɗaki ce ke lura da famfon da ke ɗiga, ita ce ke barin tawul ɗin da baƙo ya rataye maimakon ta kwashe duka, ɗan kicin ne ke raba shara da auna abin da aka zubar. Mai sauri don ta cika ɗakuna goma sha biyar za ta kwashe tawul duka saboda ya fi sauƙi, sabon da ya zo makon jiya kuwa bai san ma akwai tsarin ba. Idan rabin ma'aikatanka suna sauyawa kowace shekara, horon muhallin da kuka kashe kuɗi a kai yana fita ta ƙofar baya tare da su.

Idan otal ɗinka na cikin wuraren da baƙi ke zuwa da lokaci, su cika na 'yan watanni sannan su ɗauke, to ka nemi hanyar riƙe mutanenka tsakanin kaka da kaka. Sifaniya tana da kwangilar da ake ɗaukar mutum dindindin amma aikinsa na zangon shekara ne, yana da haƙƙin a kira shi idan lokaci ya dawo, shekarun aikinsa kuma suna taruwa. Ko babu irin wannan a dokarku, rubutaccen alkawarin dawowa yana sa mutum ya iya kama haya ya sa yara makaranta. Watannin da babu baƙi kuma su ne na hutun shekara da horo da koya wa mutum aikin sashe na biyu, wanda shi ne zai ba ka damar sakin wani ya je jinyar mahaifiyarsa ba tare da sashe ya tsaya ba. Sai dai idan mutum ya iya aiki biyu, albashinsa ya nuna haka.

Kada ka manta da shugabannin sassa, da kai kanka. Su ne ke cike duk gurbin da ya buɗe, sau da yawa babu kuɗin ƙarin lokaci, kuma shugaban da ya yi kwana goma sha biyu bai huta ba ba zai rubuta wa wani jadawali mai tausayi ba. Ƙananan ma'aikata kuma suna kallo, idan suka ga ƙarin girma yana nufin rabuwa da gida gaba ɗaya, na kirkin cikinsu za su ƙi shi.

Inda zan so ka fara, Malam, shi ne ka ɗauko jadawalin watanni uku da suka wuce, wanda aka yi aiki da shi da gaske, mai gyare-gyaren biro a jiki. Ka ƙirga kwana nawa kafin lokaci aka fitar da kowanne, sau nawa aka canza shi bayan fitarwa, sau nawa wani ya sami ƙasa da sa'o'i goma sha ɗaya tsakanin duti biyu, da kuma mutum nawa suka wuce kwana shida a jere ba hutu. Ka kira wakilai daga kowane sashe, ba shugabanninsu kaɗai ba, ka ajiye musu adadin a gaba, ku zaɓi abu biyu da za a gyara cikin wata uku. Shawarata ita ce fitar da jadawali kwana 14 kafin lokaci da kuma hana rufewa da dare a buɗe da safe, domin su biyun sun fi buƙatar tsari a kan kuɗi. Bayan wata uku ku sake ƙirgawa, ka liƙa sakamakon a allon ma'aikata kusa da na ruwa da wuta, ka kuma sa shi cikin fayil ɗin da za ka miƙa wa mai bincike.